Daga Duba zuwa Waiwaye: Tarihin Masu Kula da Aikin Malaman Lakwal a Ƙasar Arewa (Dogon Dutsi da Tibiri)

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana bin tarihin aikin duba malaman makarantun firamare a ƙasar Arewa tun daga tsarin ilimi na 1903 har zuwa 2025. Abin da take son nunawa shi ne cewa an daɗe ana horar da sufeto da mai ba da shawara domin su gano kuskuren malami, amma ba a cika horar da su su dubi yadda su kansu suke gani da yadda suke tambaya ba, kuma wannan giɓi yana da alaƙa ta kusa da harshen da ake zantawa da shi bayan an fito daga aji.

1. Gabatarwa

Abin da muke nufi da Arewa a nan shi ne ƙasar da ke shimfiɗe a Dallol Mawuri, cikin jihar Doso, wadda a yau ta kasu gunduma biyu. Gundumar Dogon Dutsi tana da ƙananan hukumomi shida: Dogon Dutsi, Matankari, Kiyeshe, Ɗan Kasari, Dogon Kiriya da Sukukutan. Gundumar Tibiri, wadda aka cire daga ta Dogon Dutsi a 2011, tana da huɗu: Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mai Ruwa. Kada a haɗa wannan Tibiri da Tibirin Gobir da ke kusa da Maraɗi. Hausa ce harshen mafi yawan jama'ar yankin, da karin da ake kira Arewanci.

A tsarin ilimin Nijar mutum uku ne ke da alhakin shiga ajin malami su ga yadda yake koyarwa: daraktan makaranta, da mai ba da shawara kan koyarwa (conseiller pédagogique), da sufeto (inspecteur). Su ne za mu riƙa kira masu dubawa. Tambayar da muka sa gaba ita ce: wa ya koya wa mai dubawa ya dubi nasa aikin, kuma da wane harshe? Za mu fara da tarihi, sa'an nan mu kawo asalin ra'ayin da Faransawa ke kira « pratique réflexive », wanda muka fassara da waiwayen aiki, daga bisani mu dubi matsalar ta fuskar ilimin harshe.

2. Kafin zuwan sufeto

Duba aikin mai koyo ya girmi lakwal. Maƙeri da masaƙi da majemi kowanne yana da hanyar da yake bi ya gane ko hannun yaronsa ya faɗa, kuma galibi da ido da ɗan tsawa ake yi, ba da dogon bayani ba. Amma misalin da ya fi kusa da batunmu shi ne na makarantar allo, wadda ta bazu a Arewa a cikin ƙarni na 20, domin kamar yadda aikin Marc-Henri Piault na 1970 a kan tarihin Mawuri da na Adeline Masquelier na 2001 a kan Dogon Dutsi suka nuna, addinin gargajiya ya daɗe da ƙarfinsa a wannan ƙasa.

A tsarin tsangaya, gardi yana rubuta allonsa da ka, ya kai wa alaramma ya duba masa a gaban sauran gardawa, a gyara wasali da ɗigo, a nuna masa inda ya tsallake. Abin lura shi ne alaramman ma bai fi ƙarfin gyara ba: idan ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa, sai ya miƙa shi ga takwarorinsa su bi shi shafi-shafi kafin a yarda da shi. Ke nan mai duba na wani, shi ma ana duba nasa, kuma kowa ya san da haka. Wannan ita ce siffar da tsarin lakwal ya zo babu ita.

3. Zamanin mulkin mallaka: sufeto da takardarsa

A watan Afrilu na 1899 ne rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu, garin Sarauniya. Yarjejeniyoyin kan iyaka na 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila ne suka tabbatar da yankin a hannun Faransa. A daidai wannan lokaci, ranar 24 ga Nuwamba 1903, gwamna janar Ernest Roume ya sa hannu a kan dokokin da suka tsara ilimi a dukan Afirka ta Yamma ta Faransa (AOF): makarantar ƙauye a ƙasa, makarantar yanki a samanta, sa'an nan makarantar horon malamai a Senegal, wadda daga baya ta ɗauki sunan William Ponty.

Wanda ya ba aikin sufeto kamanninsa shi ne Georges Hardy, da ya shugabanci ilimin AOF daga 1912 zuwa 1919. Shi ya kafa mujallar malamai ta AOF a 1913, ya kuma wallafa Une conquête morale a 1917. Sunan littafin kaɗai ya isa ya nuna manufa: lakwal hanya ce ta cin zukata da yaƙi bayan an ci ƙasa. Malamin ƙauye, wanda jama'a suka laƙaba wa suna mushe, wakili ne na wannan manufa, aikin mai dubawa kuwa shi ne ya tabbatar wakilin bai kauce ba.

Nijar ta zama mallaka mai cin gashin kanta a 1922, aka mai da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, amma makarantu kaɗan ne, ƙwararrun sufetoci kuma sun fi su ƙaranci. Saboda haka a wurare irin su Dogon Dutsi, mai tazarar kusan kilomita 270 daga Yamai, kumandan ne ido na kusa a kan lakwal. Shi ke neman yara ta hannun sarakuna, shi ke lura da halin mushe da biyayyarsa. Tun daga tushe ke nan aka gama duba koyarwa da duba ladabi ga hukuma a hannu ɗaya.

Idan sufeto ya zo, abin da yake nema sananne ne: rajistar kiran suna, jadawalin darussa, takardar shirin darasi, littattafan rubutun yara, tsabtar aji. Ya saurari darasi ɗaya ko biyu, wani lokaci ya karɓi alli ya yi darasin misali, ya cika takardarsa (bulletin d'inspection), ya ba da maki bisa 20. Wannan maki shi ke tafiyar da ƙarin girma, haka kuma jarrabawar aiki ta CEAP da ta CAP a gaban sufeto ake yin sashenta na aji. Babu wani gurbi a takardar da ke tambayar sufeto dalilin da ya sa ya ga abin da ya gani.

Sai batun harshe. Dokokin 1924 sun ce Faransanci kaɗai za a yi amfani da shi a makaranta, taron Brazzaville na 1944 ya sake jaddada haka. Daga nan ne al'adar « symbole » ta samu gindi, wato abin kunyar da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa. Mushe Ba'are da sufeto Bahaushe za su iya haɗuwa a aji, su yi zancen aiki da Faransanci daga farko har ƙarshe, su koma Hausa sai wajen gaisuwa da cin tuwo. An raba wa harsunan biyu aiki: ɗaya na hukunci, ɗaya na zumunci.

4. Daga 1960 zuwa 1998: shigowar shawara

Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, yaran da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba. Sabuwar gwamnati ta buɗe makarantu da gaggawa, ta ɗauki malamai masu ƙaramin horo (moniteurs). A 1964 Abdu Mumuni ya wallafa L'Éducation en Afrique, inda ya soki tsarin da aka gada, ya kuma nemi a koyar da harsunan Afirka. Gwaji uku na wannan zamani sun shafi batunmu.

Na farko shi ne talabijin na makaranta, wanda aka fara a 1964 a kewayen Yamai, aka daina a ƙarshen shekarun 1970. Darasi yana zuwa ta akwatin talabijin, malamin aji yana jagorantar yara kafin shirin da bayansa. Abin sabo a nan shi ne masu shirya darussan suna aika masu lura cikin azuzuwa, su dawo da bayanin inda yara suka ɓace, a gyara shiri na gaba. A karon farko, abin da aka gani a aji ya koma ya gyara na sama.

Na biyu shi ne kalmar « animation », wadda ta shigo daga aikin wayar da kan manoma na zamanin Diori Hamani, ta kuma shiga cikin sunan cibiyar INDRAP da aka kafa a 1974 domin bincike da shirya littattafai da ƙarin horon malamai. Tare da ita ne matsayin mai ba da shawara ya ƙara fitowa fili: tsohon malami mai gogewa, da ke riƙe da rukunin makarantu (secteur pédagogique), wanda a ƙa'ida aikinsa taimako ne. Amma a ƙarƙashin sufeto yake, rahotonsa kuma a teburin sufeto yake sauka, malamai kuwa sun san da haka sarai.

Na uku shi ne makarantun gwaji masu harshe biyu. An buɗe ta farko a Damagaram a 1973 da Hausa da Faransanci, daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci, har adadinsu ya kai 42. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun share fagen daidaita rubutun Hausa. Sai dai masu dubawa da yawa da Faransanci kaɗai aka horar da su, ba su koyi ƙa'idojin rubutun Hausa ba, ballantana hanyoyin koyar da karatu da ita. A irin wannan aji malami ya fi mai duba shi sanin abin da ake yi. Wannan dama ce da za ta iya tilasta wa mai dubawa ya zama mai tambaya, amma da yake makarantun sun zauna a matsayin gwaji shekara da shekaru, darasin bai ratsa sauran tsarin ba.

5. Daga 1998: malamai sun yawaita, lokaci ya ƙaranta

Shekarun 1990 sun zo da tsuke bakin aljihu, da yajin aiki, da shekarun karatu da aka soke, da karya darajar sefa a Janairun 1994. Ranar 1 ga Yuni 1998 aka kafa dokar 98-12 (LOSEN), wadda ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. A wannan shekara kuma aka fara ɗaukar ƴan sa-kai na ilimi, waɗanda daga baya aka koma kira malaman kwantaragi. Wasunsu horon kwana 45 kawai suka samu kafin a ba su aji. A ƙarƙashin shirin shekara goma na PDDE, daga 2003 zuwa 2013, makarantu sun yaɗu har ƙananan ƙauyuka da tungaye, azuzuwan zana suka yawaita, malaman kwantaragi suka zama su ne mafi rinjaye a firamare.

Wannan ya juya ma'anar aikin dubawa. A da mai dubawa yana auna malamin da makarantar horon malamai, irin ta Mali Bero da ke Doso, ta riga ta gina. Yanzu kuwa sau da yawa shi ne makarantar horon. Hanyar da aka dogara da ita ita ce CAPED, wato taron malaman makarantun da ke maƙwabtaka, inda ɗaya zai yi darasi a gaban ƴan'uwansa a tattauna. A bisa tsari wannan ya yi kama da zaman gardawa da muka ambata. A aikace kuwa zaman yana dogara da samun kuɗin tafiya da na abinci, kuma yakan rikiɗe ya zama lacca: mai ba da shawara yana karantawa, malamai suna kwafa.

Yanayin ƙasar ma yana da nasa tasiri. Daga Dogon Dutsi zuwa ƙauyukan Dogon Kiriya ko Sukukutan tafiya ce ta yashi a kan babur, ga tsadar mai, ga matsalar tsaro da ta taɓa arewacin gundumar a shekarun baya-bayan nan. Mai ba da shawaran da ya sha wannan hanya, ya tarar da makarantu uku suna jiransa a yini ɗaya, abin da zai fi saurin yi shi ne cika takarda. Zantawa da malami, wadda ita ce zuciyar aikin, ita ake fara yankewa.

Sakamakon ya bayyana. A binciken PASEC na 2014, yaran Nijar da suka kai matakin da ake bukata a karatu a ƙarshen firamare ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. A 2017 gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawa a faɗin ƙasa, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne suka samu rabin maki, aka sallami wasu, aka tura wasu ƙarin horo. An auna yara, an auna malamai. Waɗanda suka shekara goma sha biyar suna shiga azuzuwan waɗannan malamai suna rubuta rahoto, ba a yi musu irin wannan tambaya da irin wannan ƙarfi ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

6. Asalin ra'ayin waiwayen aiki

A Amurka ra'ayin ya samo tushe. John Dewey, a littafinsa How We Think na 1910, ya bambanta aikin da ake yi bisa sabo da wanda ake yi bayan an tsaya an auna dalili da sakamako. Robert Goldhammer a 1969 da Morris Cogan a 1973 sun tsara duba malami mataki-mataki: zantawa kafin darasi, lura a aji, nazarin abin da aka gani, zantawa bayan darasi. Goldhammer ya ƙara mataki na biyar, wanda shi ne ya fi shafarmu, inda mai dubawa zai koma ya bi diddigin yadda shi kansa ya tafiyar da zantawar. Donald Schön a 1983 ya nuna cewa gwani yana da ilimin da ke cikin hannunsa wanda bakinsa bai saba faɗa ba, ya kuma raba tunani a tsakiyar aiki (réflexion dans l'action) da tunani bayan aiki (réflexion sur l'action).

Ta hanyar Faransanci ra'ayin ya iso mu. An fassara littafin Schön a 1994, shekarar da Pierre Vermersch ya wallafa L'entretien d'explicitation, sa'an nan Philippe Perrenoud na Jami'ar Janeba ya fitar da littafinsa a kan waiwayen aiki a sana'ar koyarwa a 2001. Daga nan kalmomin suka shiga takardun horo, da darussan Babbar Makarantar Horon Malamai (ENS) ta Jami'ar Abdu Mumuni, inda ake horar da sufetoci da masu ba da shawara, da shirye-shirye irin su IFADEM. Matsalar ita ce ra'ayin da aka gina domin a fito da ilimin da ke ɓoye a cikin aiki, ya zo mana a matsayin wani babi da ake haddacewa domin jarrabawa.

7. Matsalar ta fuskar harshe

7.1 Kalmomi

Hausa ba ta rasa kayan aiki ba. Duba tana ɗauke da ma'anar neman aibi, shi ya sa likita ke duba marar lafiya, malami ke duba jarrabawa. Lura sa hankali ne ba tare da yanke hukunci ba. Bincike yana jawo tunanin tuhuma. Bita maimaita abin da aka riga aka koya ne. Tunani ya yi faɗi, domin ya haɗa har da damuwa. Waiwaye kuwa aikin matafiyi ne da ke juyawa ya ga inda ya baro alhali bai fasa tafiya ba, ga shi kuma karin magana ta riga ta ba shi daraja da ta ce waiwaye adon tafiya. Wannan ne dalilin zaɓenmu.

Tsarin aikatau ma yana taimakawa. Dubi waɗannan jimloli, waɗanda muka ƙirƙira domin bayani:

(1) Sufeto ya gyara malam.
(2) Malam ya gyaru.
(3) Malam ya gyara aikinsa.

A (1) malam karɓau ne. A (2), giredi na 7 a rabon Parsons na 1960, an nuna sakamako amma an ɓoye wanda ya yi aikin. A (3) ne kaɗai malam ya zama aikau. Takardar sufeto ta zamanin Hardy an gina ta a kan (1) da fatan samun (2). Waiwayen aiki yana neman (3), kuma ba ya samuwa sai an iya sa sufeto a gurbin malam a cikin jimlar.

7.2 Siffar tambaya

Vermersch ya gargaɗi mai tambaya da ya guji « pourquoi », domin tana sa mutum kare kansa maimakon ya tuna abin da ya yi. A Hausa abin ya fi tsanani. Kwatanta, da Arewanci:

(4) Dommi kay yi haka?
(5) Ƙaƙa kay yi, da yaran nan sunka yi shiru?

Tambaya ta (4), idan ta fito daga babba zuwa ƙarami, faɗa ce da aka sa wa rigar tambaya, amsarta kuwa ita ce sunkuyar da kai ko ba da haƙuri. Ta (5) tana mai da malami cikin wani lokaci takamaimai na darasin, tana kuma ɗaukarsa a matsayin wanda ya san wani abu da mai tambaya bai sani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai dubawan da bai taɓa jin muryarsa yana tambaya ba, ba zai san wacce daga cikin biyun ta fi yawa a bakinsa ba.

7.3 Ma'anar « to »

Kunya da girmama na gaba, waɗanda Kirk-Greene ya lissafa cikin siffofin mutumin kirki a 1974, suna hana ƙarami musa wa babba a fili. Matashiyar malama ƴar kwantaragi da ke gaban sufeto sa'an mahaifinta za ta ce « to », ta ce « haka ne, ranka ya daɗe ». Wannan « to » shaida ce cewa an ji, ba ta nufin an yarda, ba ta ma nufin an gane. Idan da Faransanci ake zancen, « oui, Monsieur l'Inspecteur » ta ƙara wani lulluɓi a kan na farko, domin malamar tana fama da neman kalma da tsoron kuskuren nahawu a gaban mai ba ta maki. Mai dubawa yakan tafi da tabbacin an karɓi shawararsa, ya dawo bayan wata shida ya tarar babu abin da ya sauya, ya rubuta cewa malama ba ta da himma.

7.4 Daidaitacciyar Hausa da Arewanci

Dokar 19 ga Oktoba 1999 ta tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa a Nijar, dokar 2001-037 ta lissafa harsunan ƙasa, daga 2015 aka fara gwada sabuwar manhaja mai fara karatu da harshen yaro, sa'an nan kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan yana buɗe ƙofa, yana kuma ɗauke da haɗari. Littattafai da daidaitacciyar Hausa ake rubuta su, mai tushe a karin Kano, yaron Matankari kuwa « munka tahi » yake cewa inda littafi ya ce « muka tafi », « hwara » inda ya ce « fara ». Mai dubawan da ya gaji ɗabi'ar farautar kuskure zai iya ja wa malami jan layi a kan karin harshen uwarsa, ya dawo da « symbole » da sabuwar riga. Bambanta ƙa'idar rubutu da ƴancin furuci yana bukatar mutumin da ya saba tambayar kansa daga ina ma'auninsa ya fito.

8. Abin da tarihin ke nunawa game da horo

Muna ganin abubuwa huɗu sun fito daga abin da ya gabata. Na farko, a raba ziyarar maki da ziyarar shawara, a sanar da malami tun kafin a zo wacce ce, kuma abin da aka faɗa a ta biyu kada ya shiga fayil ɗinsa. Muddin kunnen da ke sauraro shi ne hannun da ke ba da maki, « to » za a ci gaba da samu.

Na biyu, horon masu dubawa ya ƙunshi sauraron kai. Wayar hannu ta isa a ɗauki zantawar minti goma sha biyar, da izinin malami, a rubuta ta, a ƙirga minti nawa mai dubawa ya yi yana magana, tambaya nawa ya yi, nawa ne daga ciki irin (4). Wannan aiki ne da sashen ilimin harsuna zai iya koyarwa, ɗalibanmu masu neman digiri na biyu kuma za su samu fagen bincike da ba a taɓa nomewa sosai ba.

Na uku, masu ba da shawara na Dogon Dutsi da Tibiri su samu nasu zaman, irin CAPED, inda kowa zai kawo ziyara ɗaya da ta gagare shi, takwarorinsa su yi masa tambayoyi, ba tare da shugaba mai ba da maki a wurin ba.

Na huɗu, a halatta a rubuce cewa zantawar bayan darasi za a iya yin ta da harshen da malami ya fi sakewa da shi, ko da rahoto zai fita da Faransanci, a kuma tanadi ƙaramin ƙamus na kalmomin aikin, wanda za a gina daga bakin malamai a gwada shi a aji kafin a buga.

9. Kammalawa

Mun ga cewa aikin dubawa ya shigo Arewa a matsayin reshen mulki, da takarda da maki da harshe guda. Talabijin na makaranta da makarantun gwaji da CAPED kowanne ya buɗe wata kafa da mai dubawa zai iya zama mai koyo, amma ƙarancin kuɗi da lokaci, da haɗa shawara da hukunci a hannu ɗaya, sun hana kafar faɗaɗa. Tun daga 1998 nauyin gina malami ya koma kan masu dubawa fiye da kowane lokaci, matsayin da Hausa ta samu a 2025 kuma zai sa su shiga azuzuwan da ba a horar da yawancinsu dominsu ba. Abin da ya rage a yi shi ne aikin fili: a ɗauki zantawar masu dubawa da malamai a makarantun gundumomin biyu, da Hausa da Faransanci, a kwatanta tsawon amsoshin malamai da irin abin da suke iya faɗa a kowane harshe. Sakamakon wannan bincike ne zai tabbatar da hasashen da muka gabatar a sashe na 7, ko ya gyara shi.